Bishiyar Gindin Gada

A garinmu aka haifi wani shahararren marubuci. Ko tari Marubucin ya taɓa yi a wani lungu, sai an kafa allo a wurin. Ya mutu tun zamanin kakannin kakanni, amma har gobe shi ke ciyar da mu. Baƙi daga ko'ina cikin Ingila da wajenta suna tururuwa su ga gidan da aka haife shi da kabarinsa a coci. Mu 'yan gari kuwa, ban san wanda ya taɓa kai littafinsa ɗaya ƙarshe ba.

Ƙanena Roland Tibbet shi ke da jirgin da ke zagayawa da baƙi a kogi, ni kuma ina dafa musu shayi a bayan jirgin. In ya riƙe makirufo, bakinsa ba ya hutawa. Amma ajiye shi gaban Hazel, bazawarar da ke nuna wa baƙi ɗakunan gidan Marubucin, sai ya zama bebe. Shekara da shekaru yana sonta, har agwagin kogi sun sani. Iyakar abin da yake iya ce mata shi ne, "Da alama za a yi ruwa." Ita kuma ta ce, "Da alama, Mista Tibbet." Shi ke nan an yi zance.

Sai ga labari Hazel za ta koma arewa wurin 'yarta, ranar Litinin ma dillali zai zo ganin gidanta.

"Roland," na ce, "in ka bar matar nan ta tafi, ni da hannuna zan tura ka kogi."

"Haba Yaya Doreen, irin wannan a hankali ake binsa."

"A hankalin ne gashin kanka ya ƙare."

Da ƙyar ya yarda. Ranar Lahadi da yamma zai rufe aiki, ya ɗauki Hazel ita kaɗai zuwa bishiyar wilo ta gindin gada, wadda rassanta suka sunkuyo cikin ruwa. A nan kullum yake gaya wa baƙi wai Marubucin ya durƙusa ya nemi auren matarsa. Ya kuma dage sai na zo na yi shayi, wai kada mutane su yi magana. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya!

Hazel ta riga lokaci zuwa, ta tsaya a bakin matakalar shiga jirgi da jakarta yayin da Roland ke goge kujeru. To ai mu nan, mutum ɗaya ya tsaya yana fuskantar abu, layi ya kafu. Wani dattijo da matarsa suka tsaya bayanta. Motar baƙi ta sauke mutane, su ma suka jeru. Kafin Roland ya ɗago kai, layi ya kai wurin mai sayar da askirim.

"Ka ce musu an rufe," na raɗa masa.

"Yaya, sun fa bi layi."

A wurin ƙanena, gara ya yi sata da ya kori wanda ya bi layi. Haka ya kwashe su kaf, har yana ba su haƙurin jira.

Jirgi ya tashi. Ya nuna musu cocin, ya nuna makarantar da aka ce Marubucin ya sha bulala. Da muka iso bishiyar ya rage gudu, ya ba da labarin durƙuson. Ya dubi Hazel a kujerar gaba, ya buɗe baki, lasifika ta ce, "Da alama za a yi ruwa."

Maimakon ya wuce ƙarƙashin gada, sai ya karkato jirgi, ya zagayo, ga mu kuma a gindin bishiya. Ya sake labarin daga farko. Ya sake zagayowa. Dattijon nan ya saci kallon agogonsa ya ce wa matarsa, "Bishiya mai kyau." Suka sake ɗaukar hotonta. Ni kuwa shayi ya ƙare, haƙurina ma haka.

Sai Hazel ta miƙe ta je ta tsaya gabansa, makirufo kuma a kunne.

"Mista Tibbet, na daɗe ina jin labarin nan ta tagar wurin aikina ina haɗiye magana. Marubucin bai taɓa ganin bishiyar nan ba. Babanka ne ya dasa ta, ina 'yar makaranta, a kan idona. Ba a taɓa neman auren kowa a gindinta ba."

Baƙi suka sauke wayoyinsu. Kunnuwan Roland suka yi jawur. Duk faɗana, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina shi ke nan, ba mata, ba labari.

"Ki yi haƙuri," ya ce.

"Ba haƙuri na zo karɓa ba. Ba na son in bar gari ana yi wa baƙi ƙarya. Ko ka daina ba da labarin, ko ka gyara abin yanzu, tunda ga mu a gindinta."

Na tako na ƙwace sitiyari.

"Durƙusa mana, sakarai!"

"Yaya, gwiwata..."

"Ko kogi."

Ya durƙusa, ƙarar gwiwar har a lasifika. Masu cin abinci a bakin kogi duk suka juyo.

"Hazel, kada ki tafi arewa," ya ce. "Can... ruwansu ya fi namu yawa."

"Shi ke nan?"

"Kuma ina sonki. Tun tuni. Ki aure ni."

"To, na yarda. Tashi kafin ka maƙale."

Ya riga ya maƙale, sai da dattijon nan da wani baƙo suka ɗaga shi. Mutane suka tafa a hankali, yadda ake yi a coci. Ni dai kuka na yi sosai, sitiyari a hannuna, saura kaɗan in daki gada.

Muna juyowa aka fara yayyafi. Hazel ta zaro lema daga jaka ta buɗe a kansu su biyu.

"Ga ruwan naka ya iso, Roland," ta ce.

Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa ba sai ranar.