Washin Ƙarshe na Baba

Wata biyar bayan rasuwar Baba, ƙanena Nassirou ya sayi wuƙa jikka tamanin da biyar na sefa. Ni na fara ganinta, don a ɗakina ya kwance kwalin, yana lallaɓa shi kamar ƙwai ne a ciki.

Nassirou direba ne a wani buro, wato ofis, a unguwar Plateau. Rabin aikinsa tuƙi, rabi jiran masu gida su fito daga taro, kuma a wannan jira ne ya haɗu da wani Bature a bidiyon cikin wayarsa. Baturen ya yi suna a duniya: a jefa shi tsakiyar daji ba ruwa ba abinci, daga shi sai wuƙa, ya sare itace, ya fasa ƙashi, ya ƙyasta wuta, ya gasa maciji ya ci yana murmushi. Sa hannunsa na zane a jikin wuƙar. Wani abokin aiki da ya dawo daga Faransa ne ya taho masa da ita.

Baƙa ce, mai kauri, mai nauyi, bayanta da haƙoran zarto.

"Yaya Iklima, wagga ba a wasa ta," in ji Nassirou. "Shi da bakinshi ya faɗi."

"To, wane daji za ka shiga? Daga unguwarmu Gamkalley zuwa Plateau ai kwalta ce."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Da ita zan yanka ragon layya."

Nan na gane inda maganar ta dosa. Shekara arba'in Baba ne ke yanka a gidanmu. Mai lambu ne a bakin kogi, ba malami ba, amma maƙwabta har aikowa suke a zo a kira Isaka, saboda dabba ba ta wahala a hannunsa. Ja ɗaya yake yi. Bana babu shi, Nassirou ne namijin gida, kuma bai taɓa yanka abin da ya fi kaza ba. Tsoro yake ji, ya rasa wanda zai gaya wa, shi ne ya je ya sayo ƙarfin zuciya a kwali. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, tausayin ya fi yawa.

Wuƙar Baba kuwa ta maƙera ce, ƙotarta itace, washi ya cinye ta har ta zama siririya kamar ganyen albasa. Baba yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a kai. Mutane kan wasa wuƙa jajibirin salla, shi kuwa sai an gama yanka da fiɗa, kowa ya tafi wajen gashi, sannan ya zauna gindin darbejiya da dutsen washinsa. Ya wasa ta, ya shafe ta da kitsen ragon, ya naɗe a tsumma, ya miƙa wa Inna ta adana sai baɗi. Ya ce ba ya son rago ya ji ƙarar washi a gidan da zai mutu.

Sati uku kafin salla wuƙar Bature ba ta huta ba. Nassirou ya kai ta fada wajen abokansa, aka sare reshe, aka huda gwangwanin madara, aka datse waya. Kowa ya taɓa ya jinjina. Gaskiya ba ta lanƙwashe ba, ko giɓi ba ta yi ba, kuma shi abin da ya duba ke nan.

Ranar salla aka sauko daga idi, liman ya yanka, hayaƙi ya fara tashi a unguwa. Nassirou ya haƙa rami a tsakar gida. Baba Sumana, abokin Baba na lambu, ya zo kama masa rago, don shi hannunsa rawa yake yi yanzu, ba ya iya yanka. Ya karɓi wuƙar ya goga babban yatsa a bakinta, ya dubi Inna. Inna na zaune kan kujerarta a bakin ɗaki, hannuwanta cikin hijabi.

"Ɗana, ka gwada ta kuwa?" in ji Baba Sumana.

"Na gwada, Baba. Har ƙarfe takan yanka."

"Wuyan rago ba ƙarfe ba ne."

Bai ƙara ba. Ba a kunyata maigida ranar da ya fara zama maigida.

Aka kwantar da ragon yana fuskantar alƙibla. Nassirou ya durƙusa, ya yi bisimilla da kabbara, ya ja.

Wuƙar ta zame kan gashi. Ya danna ya sake ja, fata ta buɗe kaɗan, jini ya tsatso, ragon ya yi wani kuka da ban taɓa ji a gidan nan ba. Ya harba ƙafa har ya kusa ture tsoho. Nassirou ya ci gaba da gurzawa, zufa na ɗiga daga haɓarsa, idanun ragon na kallonsa a buɗe.

"Kada ka ɗaga hannu ka daɗe!" Baba Sumana ya daka masa tsawa. "In ka daɗe mushe za ka yi muna!"

Ban ga lokacin da Inna ta tashi ba. Na dai gan ta tsaye a kansa tana warware tsumma. Ashe tun safe wuƙar Baba na kan cinyarta a ƙarƙashin hijabi.

"Ungo," ta ce.

Ya saki ta Bature a ƙasa ya karɓa. Ja ɗaya ya yi. Jini ya kwarara cikin rami, ragon ya yi shure-shurensa ya lafa.

Nassirou na durƙushe yana duban siririyar wuƙar a hannunsa.

"Inna, wa ya wasa ta?"

"Babanku. Bara, bayan an gama fiɗa."

Sai ya sa goshinsa a kan gwiwa ya yi kuka. Ranar jana'iza bai yi ba, shi ke tarbar mutane yana ba su haƙuri. Ni ma na shige kicin na yi nawa.

Aka feɗe ragon, aka banƙare shi a kan sanduna, aka jingina kewaye da wuta a ƙofar gida tare da na maƙwabta. Wuƙar Bature ta yi amfani wajen fere sandunan, ba zan ci haƙƙinta ba.

Bayan la'asar na fito ɗaukar tasa, na tarar da Nassirou shi kaɗai gindin darbejiya. Ya fito da dutsen washi ya zuba masa ruwa, ga guntun kitse a gefe, ga tsumman. Fiɗa ta dakusar da wuƙar, kaifin da Baba ya bari ya ƙare. Yana ta juya ta a kan dutsen, ya kwantar, ya ɗaga, ya kasa farawa.

"Yaya," ya ce, bai ɗago ba. "Ta wace fuska yakan fara?"

Na buɗe baki zan gaya masa. Shekara da shekaru ina wucewa ta gefen Baba da tasar nama a wannan lokacin, ina jin ƙarar dutsen, ban taɓa tsayawa na dubi hannunsa ba.