Jif Mai Durƙuso

Ni da Dikko taubasai ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya, a Argungu. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara yake kirana bawansa, ko da yake na girme shi. Wasa ne, kuma bai taɓa damuna ba, domin duk abin da ake auna mutum da shi na fi shi. Ina da fadamar shinkafa, ina da gida a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, na riga shi zuwa Makka. In an yi taro a gidanmu na Argungu, ni ake fara gaisarwa.

Sai ɗansa Munzali ya sayo masa jif 'yar Kwatano, baƙa, mai kujerun fata.

A wani ɗaurin aure na fara ganinta. Dikko ya tsaya a ƙofar gida, ya danna wani abu, motar ta yi huci, ta sauka ƙasa a hankali kamar raƙumi. Ya fito bai ko tattare riga ba. Masu gaishe ni suka bar hannuna a miƙe suka tafi kallo. Ya sake dannawa, ta tashi. Yara suka roƙa a ƙara, ya ƙara.

Ya hango ni ya ce, "Ka gani, bawana? Ko ƙarfe ya san ɗan namiji."

Aka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora. Na koma Birnin Kebbi a tsohuwar akori-kurata.

Da kaka ta yi, na fitar da shinkafa tun ba ta yi daraja ba. Matata Kulu ta tambayi dalilin gaggawa, na ce ta kula da tukunyarta. Na tafi wurin wani dillalin motoci wajen Gwadangaji. Irin ta Dikko guda biyu gare shi. Ɗaya tana tsaye. Ɗayar kuwa cikinta ya kusa taɓa ƙasa, tayoyi sun shige jiki. Aka tayar da ita, ta yi gurnani ta miƙe. Aka kashe, kafin mu gama gaisawa ta fara komawa ƙasa da kanta.

Na tambaya ko ba sai an danna mata komai ba. Dillalin ya dubi fuskata tukuna, sannan ya ce haka take, da an tsaya sai ta durƙusa.

Ta Dikko sai an ba ta umarni. Wannan ta san aikinta. Ita na zaɓa.

Ɗana Abdussamadu ya ce a kira bakanike ya duba. Na ce masa tun kafin a haife shi nake sayen shanu, kuma daga kwanciya ake gane dabba mai ladabi.

Da farko na ji daɗi. Ina tsayawa ƙofar masallaci, in na fito in tarar ta kwanta tana jirana. Amma shan mai ya fara ba ni mamaki, zuwa Argungu da dawowa sai ka ce an zuba ruwa a rairayi. Baƙin mai yana ɗiga inda take kwana. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Bakaniken da ya daɗe yana gyara mini akori-kura ya buɗe gabanta, ya rufe, ya ce wannan sai mai kwamfuta.

Wata Juma'a bayan an sallame, na tayar da ita ta ƙi miƙewa. Haka muka ja ciki har gida, kowane rami sai na ji shi a ƙashin bayana, 'yan Keke Napep suna wuce mu suna waiwaye.

Aka kai ni wurin Olatunji, wani Bayarabe mai gareji a Gesse, wanda ya fi 'ya'yana iya Hausa. Ya shiga ƙarƙashinta da ruwan sabulu, ya fito ya nuna mini kumfa. Ya ce motar a kan jakunkunan iska take zaune, ɗaya a kowace ƙafa, kuma sun tsufa suna yoyo. Famfon da ke hura su ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone.

Na ce ai tun ranar da na saye ta take durƙusawa da kanta.

Ya ce, "Baba, wannan ba ladabi ba ne. Huji ne."

Na ce a gyara.

Aka aika Legas. Ta yi ta zama a gareji, awaki suna shan inuwarta. Aka sa famfo da jaka ɗaya, ba a jima ba ta baya ta fashe. Kowace ziyara wurin Olatunji sai na buɗe ɗakin ajiya an fitar da buhu. Lokacin taki ya matso, ɗakin ya fara amsa murya. Ga kuma sunan jikan Dikko a Argungu, kowa zai zo.

Olatunji ya ce akwai hanya mai sauƙi. A cire jakunkunan gaba ɗaya, a sa sifirin na ƙarfe irin na sauran motoci. Ba yoyo, ba famfo. Amma ba za ta ƙara durƙusawa ba.

Na daɗe zaune a kan bencinsa. Na tuna fadama. Na ce ya sa.

Ranar suna na isa da wuri don kada a ga saukata. An gani. Motar ta yi tsayi, gwiwata ba ta da kirki, sai da na riƙe ƙofa na zamo, riga ta maƙale. Sannan Dikko ya iso, tasa ta yi huci ta kwanta, jama'a suka kewaye shi.

"Bawana, mi ya sami taka? Ko halin mai ita ta ɗauka?"

Na ce tawa ba ta durƙusa wa kowa. Wasu suka yi dariya, amma idonsu yana kan tasa. Nama bai yi mini daɗi ba ranar.

Bayan la'asar ya ja ni bayan zaure. Bai ce bawana ba, ya ce Yaya Hodi. Ya ce motar nan tasa za ta kashe shi. An canja famfo, an canja jaka, Munzali ya daina ɗaukar waya in ya ga kiransa, har ya sayar da bijimi a ɓoye. Ya ce ya lura tawa tsaye take ƙyam, ko akwai wani sirri.

Na ce akwai. Ba yoyo, ba famfo, ba zuwa Legas. Na ce mutum mai shekaru irinmu bai kamata ya riƙa wasa da mota gaban yara ba.

Ya ce ya gode, zumunci ya yi rana. Ya nemi lambar bakaniken.

Na ce ba sai da lamba ba. Gobe da safe zan biyo masa mu tafi tare, kada Olatunji ya ja masa rai.