Matar Jalo a Wutsiyar Kaset

Daga Litinin zuwa Juma'a, Bahauddeen malamin ofis ne a Azare, yana buga hatimi yana hamma. Amma ranar Asabar, kai, sai ka ce wani aka sauya! Da ya saɓa kyamarar nan tasa mai nauyi kamar turmi, ya ɗaure jakar kaset a bayan babur, shi ke nan gari ya zama nasa. Ɗaurin aure, suna, walimar sauka, dawowar alhazai, babu inda ba ya shiga. A shekarar 2006 masu bidiyo sun fara yawa a garin, amma ko su kansu sun san hannun Bahauddeen ba ya rawa, kuma idonsa na ganin abin da nasu ke tsallakewa.

Wata Laraba da yamma ya dawo daga ofis ya tarar da wani dattijon Bafulatani tsugune a ƙofar ɗan shagonsa, sanda a gicciye bisa gwiwa. Bayan doguwar gaisuwa, dattijon ya ce sunansa Jalo, daga wata ruga ta bayan Itas.

"Malam, kai ne mai akwatin ɗaukar mutane?"

"Ni ne, Baffa. Biki za a yi?"

Jalo ya girgiza kai. Ya ce, "Uwar yarana ce. Bara waccan ta kai nono gidan Alhaji Maikuɗi, bikin 'yarsa. Ta dawo tana ce mini wani mutum ya ɗauke ta a akwati. Da damina Allah ya yi mata rasuwa."

Bai faɗi sunanta ba, kuma Bahauddeen bai tambaya ba, don ya san dattijo irin wannan ba ya kama sunan matarsa. Sai daga baya ya ji a bakin matan kasuwa cewa Fatu ake ce mata.

"Ba ta taɓa yin hoto ba," in ji Jalo. "Ni kuwa, Malam, fuskar ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga zanenta, in ga ƙwaryarta, fuskar babu. Na je gidan Alhaji, sun kunna mini faifan bikin har ƙarshe. Ba ta ciki."

Bahauddeen ya san dalili. Shi da hannunsa ya yanke ta daga faifan. Uwar amarya ce ta tsaya a kansa lokacin tacewa, ta ce duk wadda ba ta sa ankon biki ba a cire ta, kada faifai ya zama kasuwa. Ya cire masu talla, ya cire maroƙa, ya cire mai nono.

"To asalin kaset ɗin fa?" za ka ce. Ai nan gizo ke saƙar. Masu bidiyo ba sa ajiye kaset. Da an juye biki a faifai an kai wa masu shi, sai a mayar da kaset baya a ɗora wani bikin a kai, a manna sabuwar takarda bisa tsohuwa. Kaset ɗin bikin Alhaji Maikuɗi ya sha bukukuwa sun fi goma tun daga lokacin, kuma ko shi Bahauddeen bai san wanne ne ba.

Da wani ne, da ya ce, "Baffa, sai haƙuri," ya shiga gida ya ci tuwonsa. Bahauddeen kuwa ya tsaya yana tunani. Kaset awa uku yake ci. Ba kowane biki ke cika shi ba. In sabon biki ya tsaya a awa biyu da rabi, to ragowar rabin awar nan tsohon aiki ne kwance, ba a taɓa shi ba. Su a sana'ar wutsiya suke ce masa. Kuma ya tuna mai nonon nan sai bayan la'asar ta zo karɓar ƙoranta, lokacin da mutane ke watsewa, shi kuma yana bakin ƙofa yana ɗaukar masu fita kamar yadda ya saba. In tana nan, a wutsiya take.

"Baffa, ka dawo ranar Asabar da hantsi. Ban yi maka alkawari ba, amma zan duba."

Kaset ashirin da uku ne a kwalinsa. Alhamis da ya taso daga ofis ya zauna gaban talabijin, ya tura kaset zuwa ƙarshe, ya kalla, ya cire, ya sa wani. Wuta ta ɗauke, ya tayar da janareta. Juma'a bayan masallaci ya koma kai. Abin da ya gani a wutsiyoyin nan sai wanda ya gani: ana tsakiyar raɗa wa jariri suna sai hoto ya yi tsalle, ga ango yana gyara hula, ango ya ɓace, ga wani alhaji yana rabon dabino. Matarsa Khaulat ta leƙo da kofin kunu ta ce, "Malam, wai bikin wa kake nema haka, ko naka ne ka ɓoye mini?" Ya yi murmushi kawai. Zuwa magariba ya gama duka ashirin da ukun. Babu mai nono.

Ya kwana da baƙin ciki. Asabar da hantsi Jalo ya iso, ya tsuguna a inda ya tsuguna ranar Laraba. Bahauddeen ya riga ya ɗaure kaya a babur, don yana da ɗaurin aure a Misau bayan azahar, irin bikin da ke cinye kaset har ƙurmus. Yana neman yadda zai fara ba da haƙuri sai idonsa ya faɗa kan kyamarar.

"Innalillahi!"

Akwai kaset a cikinta. Tun Lahadi ya mayar da shi baya ya zura shi, a shirye don Misau, shi ya sa ba ya cikin kwali. Ya zare shi, ya ce wa Jalo ya shigo. Suka zauna suna jin ƙugin na'ura tana tura zaren kaset gaba.

Wata walima ce ta fara bayyana. Ta ƙare. Hoto ya yi yayyafi, ya daidaita, sai ga koren ƙofar gidan Alhaji Maikuɗi, mata cikin anko suna fita. Can a gefe wata doguwar mace ta sunkuya tana jera ƙore, ta ba da baya. Kyamara ta matso kusa da ita a hankali. Aka ji muryar Bahauddeen daga ciki yana cewa, "Inna mai nono, a ɗago mana!"

Ta ɗago. Amma kafin fuskar ta gama juyowa, ta fizgi faifan rufe ƙwarya ta kare fuskarta da shi. Ido ɗaya kawai ya leƙo ta gefe. Ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Kai, ɗan nan, bari mana!" Sai zare ya ƙare.

Bahauddeen ya ji kamar ya nutse don kunya. Kwana uku yana nema, ga abin da ya samo wa bawan Allah: faifan kaba da ido ɗaya.

"Baffa, ka yafe ni. Fuskar ba ta fito ba."

Jalo bai ko dube shi ba. "Mayar," ya ce.

Ya mayar. Ta ɗago, ta kare, ta yi dariya. Jalo ya ce a sake. A karo na huɗu sai ga dattijon yana dariya shi ma, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Malam, wace fuska kuma? Ai ita ke nan. Haka ta yi mini ranar da na fara yi mata magana a kasuwar Itas, da irin faifan nan. Shekara ashirin da shida muna tare, in na dube ta haka take yi." Ya nuna talabijin da yatsa. "Yanzu na gan ta. Wallahi duk ta dawo mini."

Bahauddeen ya cire kaset ɗin, ya sa farce ya karya ɗan haƙorin nan na bayansa, wanda in babu shi ba a ƙara ɗaukar komai a kai. Ya ɗauko wani daga kwali don Misau. Ya ce ranar Laraba zai juye wa Jalo a faifai, ya kuma wanko masa hoton a takarda, tunda babu wuta a ruga.

Ya manna sabuwar takarda, ya ɗauki biro, ya tsaya. "Baffa, me zan rubuta?"

Jalo ya gyara sandarsa, ya kau da kai wajen ƙofa. A hankali, kamar mai tsoron kada ta ji, ya ce, "Rubuta Fatu."