Ɓerayen da Suka Ci da Rana

A Tamanrasset, can kudancin Aljeriya, duk inda 'yan Damagaram suka zauna shan shayi sai an ambaci Ghali. Wasu su ce hannunsa na da albarka. Wasu su ce Madam Hadiyya, likitar da ke bincike a kan fararen ɓeraye a bayan gari, ta fi yarda da shi a kan agogonta, har za ta tafi da shi Alje, babban birnin ƙasar. Illo in ya ji haka sai ya kurɓi shayinsa kawai. Shi ya gina ɗakin ɓerayen, shi kuma ya kawo Ghali wurin, ya ce ƙanensa ne. Yau ga Ghali ke ba da abinci, Illo ke wanke keji.

Madam ta taɓa yi musu bayani cewa tsokar jiki ma tana da nata agogon, ta san lokacin ƙona abinci, ta san lokacin hutu. In agogon ya rikice sai ɓera ya yi teɓa, ƙarfinsa ya tafi, ya tsufa tun lokaci bai yi ba. Shi ya sa ɓerayenta ba sa ci da rana, Ghali ya ɗauke kwanuka da safe ya mayar da magariba. Ghali ya ce ashe masu azumi yake wa hidima. Madam ta yi dariya.

Abin da ya fi ci wa Illo rai, in Ghali ya shigo sai ɓerayen su miƙe su kama wayar keji, shi kuwa da tsintsiyarsa sai su lafe a lungu. Sai ya fara zuwa da dabino a aljihu da guntun tagalla, gurasar da Buzaye ke gasawa cikin rairayi. Da azahar yana wanki yana marmasa musu. Ya ce a ransa abinci ai abinci ne, ba a taɓa yin zunubi da ciyar da mai rai ba. Ba a daɗe ba suka san takunsa, yana taɓa ƙofa suna rububi.

Da Madam ta zo awo sai ta tarar sun yi nauyi, sun rage gudu a cikin 'yan tayoyin motsa jiki da ake sa musu. Aikin wata da watanni ya lalace. Ta ce Ghali ne ke barin kwanuka da rana, ya tattara nasa ya nasa. Ghali ya rantse sau ɗaya, bai ƙara ba. Illo ya ji wani sanyi a ƙirji, har ya ci abincin rana da daɗi.

Ranar tafiyar Ghali, shi da Illo da Madam suka shiga ɗakin da azahar. Ɓerayen suka yo wajen Illo gaba ɗaya, suna miƙo hanci ga aljihunsa. Ghali ya dubi aljihun, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗauki jakarsa.

"Yaya, tsohon ɓeran nan na lungu ba ya iya kaiwa ga ruwa," in ji shi. "Ka riƙa sauke masa kwalbar."

Illo ya sa hannu a aljihu ya fito da tagallar, ya ajiye a gaban Madam. Bai dube ta ba.

"Ni ne nake ba su," ya ce. "Ghali, na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."