Fitilar Injiniya Mailafiya

Injiniya Mailafiya bai taɓa son wani abu a Jidda kamar wata tsohuwar fitilar tebur ba. A haraj ya tsinto ta, wato kasuwar tsofaffin kaya, ƙirar Denmark ce da ta girme shi. Gindinta na tagulla ya yi baƙi-baƙi, hularta kuwa kamar faranti uku a kife, don kada haske ya soki ido. Shi ya ce wannan dusashewar ita ce darajarta. Matarsa Khadijatu ta ce ko zare ba ta iya zura wa allura a ƙarƙashinta.

Duk baƙon da ya shigo falonsu na unguwar Safa sai ya yabi labule, ya yabi kafet, ya tsallake fitilar. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Wata Juma'a Ammi Othman, wato Baffa Othman da Larabci, ya zo cin abinci. Dattijo ne haifaffen unguwar Ammariyya a nan Jidda, dangin Khadijatu, shi ya tsaya musu lokacin da suke baƙi. Tun ba a kwashe kwanuka ba Mailafiya ya ja shi gaban fitilar ya buɗe karatu: yadda mutanen can arewacin Turai suke fama da dogon duhun sanyi, yadda suka koyi tausasa haske. Dattijo ya yi ta gyaɗa kai. Da ya ga karatun ba mai ƙarewa ba ne, ya ce, "Masha Allah, tana da kyau, ya waladi, ɗana."

Daɗi ya kashe Mailafiya. Ya sha ganin yadda mutanen Jidda ke yi: baƙo ya yabi abinka, ka ce ka ba shi, shi kuma ya ƙi karɓa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Don a san shi ma ya zama ɗan gari, ya dafa ƙirji ya ce, "Ammi, ai taka ce."

Dattijo ya dubi fitilar, ya dubi Khadijatu. Ita kam har ta zare wayar daga bango tana neman leda.

"Halas, shi ke nan, na karɓa," in ji shi.

Mailafiya ya raka shi har mota yana murmushin da ya fi kuka ciwo. Ya kwana yana lallashin kansa cewa dattijo zai gane wasa ne ya dawo da ita.

Ya kuwa dawo, ɗauke da ƙaton kwali. Sabuwar fitila ce fil, ruwan zinare, mai canja launi.

"Wallahi tausayinka na ji," in ji shi. "Injiniya guda, da tsohon ƙarfe a falo? Na rufa maka asiri, na ba mai tara ƙarafa. Yalla, maza kunna mu gani."

Mailafiya ya kunna. Falo ya yi kore, ya yi ja. Ya ce, "Allah ya ƙara girma, Ammi."

"Amin. Duk Juma'a zan riƙa zuwa in ga ko tana aiki."