Koren Fenti a Ɗakin Inna Sa'a

"Ba haka ba, 'yar lakwal. Kwantar da kwalbar, ba faɗa kuke da katakon ba."

Na kwantar da guntun kwalbar, tsohon fenti ya fara tashi siriri-siriri. Baba Wada kafinta ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a Tasawa. Yana zaune a zaure, ya jingina da bango, kumburarrun hannuwansa a kan cinya. Sati uku ke nan ba su riƙe guduma ba.

Ni kuwa na gama jami'a a Yamai, ina gida ina jiran a tura ni aiki. Ruwa aka aike ni in kai musu, ya tsare ni, kunya ta hana ni cewa a'a.

Teburin madubin da nake kankarewa na matarsa ne, Inna Sa'a, shi ya ƙera mata shi tun suna da ƙuruciya. Damina biyu ta ƙi a jere. Tasoshin jerenta suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, suka dawo hatsi. Gadon ƙarfe ma ya bi su. Teburin kaɗai ya rage, don gara ta cinye masa ƙafa guda, babu mai so.

"Baba, da ka bari sai ka ji sauƙi."

"Safi, na san jikina. Kwana kaɗan mata za su cika ɗakin can, gaisuwa. Baki na cewa Allah shi jiƙan rai, ido na bisa bango. Shekara arba'in tana riƙon ɗakinta, ba ni bari su tarda ta cikin bango huɗu wayam."

Daga tsakar gida Inna Sa'a ta ɗaga murya. "Ji shi! Mutum na kwance yana tunanin idon mata. Sha kununka, Malam."

"Ke kinka yi jeren, ni na ci hatsin," in ji shi.

Daga zaune ya koya mini kome. Na yanko ƙafa daga wani tsohon ƙyaure, na toshe ramukan gara da garin katako da ƙaro. Akwai ragowar koren fenti a gwangwani, tun na bencinan lakwal, makarantar boko, muka tsinka shi da isansi, wato fetur.

Ranar Lahadi na ji numfashinsa ya sake. Tsoro ya kama ni, na lafta fentin da kauri don in gama a shafa ɗaya. Kafin la'asar ya zuzzubo, ya yamutse.

Ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kin ga tsoho zai tahi, kinka sa gudu. Kankare, ɗiyata. Shafa biyu ake yi, siriri. Ni zan jira."

Na kankare ina share hawaye da gefen mayafi. Bai ce ya gani ba.

Ya kuwa jira. Ranar Alhamis da hantsi unguwa ta yi tsit, kowa ya tafi layin jar dawa da sojoji ke rabawa. Na yi shafa ta biyu, na gama da aljihun ƙasa.

"Juyo mini shi." Ya daɗe yana kallo. "Madalla. Wannan hannu naki na aiki ne. Allah shi yi miki albarka."

Malamai da yawa sun sa hannu a takarduna, amma wannan maganar ce na riƙe har yau.

Bayan azahar ya cika. Maza na haramar kai shi, ni da mahaifiyata muka ɗauki teburin ta ƙarƙashi, muka shigar da shi ɗakin, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Inna Sa'a ta riƙe hannuna, duk da fentin da ke jiki, ta daɗe ba ta saki ba.

Mata suka cika ɗakin. Jummai, ƙanwar marigayin da ta zo daga Hawandawaki, ta yi gaisuwa, idonta ya tafi kan teburin.

"Ikon Allah, Sa'a, cikin wannan shekara har da sabon kaya?"

"Malam ne."

Wuri ya yi kaɗan, Jummai ta matsa za ta jingina. Inna Sa'a, da carbi a hannu, ta miƙa ɗaya hannun ta janyo ta a hankali.

"Matso nan, Jummai. Bai bushe ba."