Babban Yatsan Ejnar

Tun ranar da teku ta ci ɗansa Troels, tsohon masunci Ejnar ya rantse ba wani nasa da zai ƙara shiga ruwa. Sai ga 'yarsa Solvej, mai kunnen ƙashi irin na ubanta, ta kama aikin nutso a gidan kifin garinsu, inda ake kallon halittun teku ta bayan gilashi. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Ki fito daga ruwan nan." Ko leƙo wurin bai taɓa yi ba, abin kuwa yana cin ranta.

Ran nan tana ƙasan babban tanki tana ba kifaye abinci, yara sun manna hanci a gilashi, sai ta hango wata shuɗiyar hular ulu da ta sani. Babanta ne, mamarta Birthe na riƙe da hannunsa. Ya daɗe yana kallonta, fuska a murtuke. Can ya ɗaga babban yatsa sama.

A wurin masu nutso, wannan alamar nufinta ɗaya ne: hau sama, fita. Wato har nan ya biyo ta ya faɗa mata a bainar jama'a? Ta saki kwandon abincin ta haura, hawaye cike da idonta.

Ko kayan nutson ba ta tuɓe ba ta zagayo, ruwa na ɗiga.

"Ga ni na fito, Baba. Hankalinka ya kwanta?"

"Wa ya ce ki fito? Ina tsakiyar kallo kin katse mini!"

"Ba kai ka yi mini haka ba?" Ta ɗaga yatsa.

Birthe ta kwashe da dariya. "Yabonki fa yake yi, 'yar nan! Da baki ne ba zai iya ba, sai ya shaƙe."

Ejnar ya sosa ƙeya. "To, ya ake cewa madalla a can ƙasan ruwa?"

Solvej ta kama hannunsa mai kaushi, ta haɗa masa manuniya da babban yatsa suka yi zobe. Godiya ta cika mata zuciya.

"Koma, kifayenki na jira," in ji shi. "Troels ban ga inda ya shiga ba. Ke kuwa ina ganinki."